Yadda Za Ka Kai Dangi Wurin Lilo Ka Dawo Da Hankalinka

Kuskuren farko shi ne buɗe baki. Duk wanda ya fara cewa "ya kamata bana da salla mu kai yara Abuja su hau lilo" a zauren WhatsApp na gida, to ya naɗa wa kansa rawani huɗu: uban tafiya, ma'aji, ɗan dako, alƙalin sulhu. Saboda haka kada maganar ta fito daga bakinka. Raɗa wa ƙaninka, ka bar shi ya kwashi ladan zumunci. In kuwa ka riga ka yi suɓul da baka, sai ka gyara zama.

Fara da ƙidaya, amma kada ka yarda da ita. Mutum goma sha ɗaya ne za su ba da suna, ranar tafiya ashirin da uku za ka tarar a ƙofar gida. Gwaggo ba ta motsawa sai da jikoki biyu da 'yar riƙo. Abokinka da ya ce da amarya kaɗai zai zo, ashe uwargida ta ji labari. Walt Disney da kansa ya ce tunanin Disneyland, wadda ya buɗe a Amurka a 1955, ya zo masa ne yana zaune a benci yana kallon 'ya'yansa mata a kan dawakin lilo. 'Ya'ya biyu, jama'a. Biyu rak! Bawan Allah bai taɓa jin an ce "wannan ɗan ƙanin kishiyar Inna ne, a sa shi a lissafi" ba.

Kuɗin karo-karo kuwa a karɓe su kafin a tada mota. Wanda ya ce "zan tura maka in mun isa", ka yafe masa tun a nan duniya, domin sabis ɗin wayarsa ba zai dawo ba sai bayan babbar salla.

Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. In kana so a tashi ƙarfe takwas, ka sanar cewa ana idar da sallar asuba mota za ta ɗaga. Yaron da ya rantse ba ya jin fitsari zai fara kuka kafin Kwanar Ɗangora, na biyu a Zariya, na uku a Kaduna, don ba sa taɓa haɗa lokaci. Akwai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu tun 2016, amma jirgi ba ya jiran Hajiya ta gama ɗaurin ɗankwali. Faccaloli biyu kada su haɗa kujera. Batun ƙasaru kuma, a zaɓi malami guda tun daga gida. In ba haka ba, za ku wuce Dutsen Zuma ana muhawara kan raka'a biyu ko huɗu.

Kun iso Magicland, can kusa da ƙofar shiga birni da babban filin wasa na ƙasa. Kawu zai dinga kiransa Wonderland, tsohon sunansa. Kada ka gyara masa, shi ne bai biya kasonsa ba tukuna.

A nan za ka koyi cewa kuɗin shiga daban, kuɗin hawa daban. Ninka farashin lilo ɗaya sau yara goma sha huɗu, ka sake ninkawa da "Baffa, sau ɗaya kawai a ƙara", sannan ka nemi inuwa ka zauna. Wurare irin waɗannan ba su cika son abincin waje ba, mu kuma ba mu san fita ba kula ba. Bar wa Gwaggo wannan yaƙin. Matar da ta taɓa kai dambun nama har Makka ba ta buƙatar shawararka.

Yanzu ga wurin da ake zubar da girma. A kowace zuriya akwai mutum ɗaya da zai dubi jirgin nan mai hawa tudu ya gangaro a guje, ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai wasan yara ne, mu da muka hau bayan tifa." Ƙarfafa masa gwiwa. Saya masa tikiti da kuɗinka, wannan kaɗai ne kuɗin da ba za ka yi da-na-saninsa ba. Karɓi hularsa, domin zanna-bukar ba ta da igiya, ka ce ya naɗe babbar riga. Kafin a kai gangara ta biyu za ka ji kalmar shahada daga sama, da muryar da ko a masallaci bai taɓa ɗagawa haka ba. In ya sauko yana dafa bango, zai ce ulsa ce ta motsa. Ka ce, "Allah ya sawwaƙe, Kawu." Bidiyon kuma ka adana, zai yi amfani ranar rabon gado.

Mata a soke gyale da kyau. Kada a ɗura wa yara zoɓo da cincin sannan a sa su a lilo mai juyawa, sai dai in wanda ke zaune a ƙasa maƙiyinka ne. Motocin karo kuwa, nan ne kaɗai za ka bar faccaloli su haɗu: kowa da motarta, a daki juna da dariya, a huce ta shekara guda.

A yi wa yara anko, ba don ado ba, don ƙirga. Sai dai da salla rabin Abuja atamfa ɗaya suka ɗinka, don haka in ka ƙirga ka samu goma sha biyar maimakon goma sha huɗu, kada ka ce albarka ce.

A hanyar dawowa kowa zai yi barci ban da kai da direba da Gwaggo, wadda tunda aka je ba ta tashi daga kan tabarma ba. Wajen Tafa za ta yi gyaran murya ta ce jikanta ya nuna mata wani lilo a Abu Dhabi, a Ferrari World, mai gudun kilomita 240 a awa, kuma baɗi in da rai can ya kamata a kai yaran. Za ka ji motar ta yi tsit, idanu suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya suna juyowa wajenka. Rufe naka, ka fara minshari.