Hasashen Masu Karatu Kan Asalin Malam Zurƙe

Hasashen masu karatu, wato bayanin da masoya littafi kan ƙaga domin cike gurbin da marubuci ya bari, sana'a ce da ba ta bukatar jari, shi ya sa ta samu kasuwa a teburan masu shayi na Ƙauran Namoda, garin da layin dogo daga Zariya ya tuƙe. Littafin da ya fi shan wannan wahala shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ba a rasa mutumin Shinkafi da zai dage cewa Malam Zurƙe, abokin hamayyar Alhaji Imam, jarumin littafin, ɗan Zurmi ne, alhali hujjarsa ba ta wuce haruffa ukun farko na sunan ba, mutanen Zurmi kuwa sukan amince muddin wayon Malamin ake nufi, ban da dukan da ya sha. Wanda ya nemi abin karantawa akan tura shi ga Ganɗoki na Bello Kagara ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sai dai kwafin yakan kasance a hannun mai ba da shawarar, wanda ya are shi tun bara.