Ranar da Kawu Ya Zama Ɗan Amurka

Kawuna manomi ne a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, kudu da Sinnar a Sudan, a bakin Shuɗin Nilu. A kakar 2021 ya sanar da gida cewa zai mallaki tab. Buƙatunsa uku ne: Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe saboda ido ya fara gajiya, ganin fuskar ɗansa da ke Jidda ta WhatsApp, da finafinan Kano da matan gida suka tara a memori. Kafin ya sayar da dawa, ɗan nasa ya aiko masa da iPad ta hannu, wadda ke aiki da Wi-Fi kaɗai. Ni aka kira, don na yi karatu a birnin Madani.

Kawu ya juya ta gaba da baya yana neman ramin layi. Babu. Ramin memori ma babu, don Apple ba ta taɓa sa wa iPad shi ba tun fitowarta a 2010. Jikoki suka kunna Bluetooth za su turo fim daga wayarsu ta Android, ta yi kamar ba ta san da su ba. WhatsApp kuwa, sai a watan Mayun 2025 aka fitar da na iPad. Cikin buƙatu uku, biyu sun faɗi tun shayi bai huce ba.

Saura Alƙur'ani, wanda ke buƙatar asusu. Na jona iPad ɗin da intanet ɗin wayata, na buɗe jerin ƙasashen kantin Apple. Ga Najeriya, ga Nijar, ga Chadi, ga Masar. Sudan ba ta ciki. Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi a 1997, ta ɗage mafi yawansa a Oktoban 2017, ta cire ta daga jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi a Disamban 2020, amma jerin Apple bai ji labari ba. Sai na bi dabarar samarin lokacin: na zaɓi Amurka, na lauya masa adireshi.

"Ɗana, me ka rubuta a wajen gari?"

"Kawu, ku yi haƙuri, na sa ku a Amurka ne, na ɗan lokaci."

Ya ajiye kofi. Wannan fa mutumin da kakanninsa suka bar ƙasar Hausa a ƙafa don kada su zauna ƙarƙashin Nasara. A Burmi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka sauka a bakin kogin nan. Kawu ya karanto mini tarihin kaf, da sunayen zango-zango, sannan ya tambaya ko hijirar shekaru ce zan warware da ɗan yatsa. Gwaggo ta leƙo daga madafa ta ce, tunda ya koma can, ya riƙa aiko da dala.

Washegari muka hau mota zuwa Madani. Mai shago ya shimfiɗa kaya: mai Windows, wadda ya ce ta ma'aikatan ofis ce, Kawu ya ture; Huawei sabuwa dal, mai araha, sai dai babu kantin Google a ciki tun matakin da Amurka ta ɗauka kan kamfanin a 2019. Jin sunan Amurka karo na biyu, Kawu ya miƙe zai fita. Da ƙyar aka zaunar da shi gaban wata Samsung mai cin layi da memori. A ganina nan gardamar take ƙarewa a ƙauyukanmu: kyan gilashi daban, abin da ke karɓar layin Zain ko Sudani da fim ɗin maƙwabta daban.

Aka yi musaya da ciko. Kawu ya yanke hukunci cewa cikon na kan wanda ya fitar da shi daga ƙasarsa ba da izini ba.

A motar komawa ya kira Jidda, ya kara tab ɗin a kunne kamar faifai, ya manta kiran na bidiyo ne. Ɗan nasa ya yi hira mai tsawo da kunnen mahaifinsa, har ya tambaya ko iPad ɗin tana yi masa daɗi.