Butar Sarki Faransuwa

A wata kasuwar gwanjo da ke bakin birnin Paris na hango ta: doguwar buta mai siririn wuya, mariƙinta wani dodo ne mai fukafukai, cikinta duk ganyaye da fuskoki masu wangale baki. Tsohon da ke sayarwa ya ce salon Rinesans ce. Ɗan karatun tarihina ya motsa. Ai zamanin Sarki Faransuwa na Ɗaya ke nan, wanda ya hau gadon sarautar Faransa a 1515, ya kwaso gwanayen Italiya suka ƙawata masa fadar Fontainebleau. Shekara 500! Ko tayi ban yi ba, don kada tsohon ya farga. Har tausayinsa na ji.

Ashe a ƙarni na 19 ne Faransawa suka kamu da begen adon kakanninsu, suka shiga kwaikwayonsa ba ji ba gani. Ferdinand Barbedienne ya kafa kamfaninsa a 1838 tare da Achille Collas, wanda ya ƙera na'urar da ke kwafo babban mutum-mutumi ta mai da shi ƙarami. Irin waɗannan manyan gidaje tagulla ta gaske suke zuba wa masu hali. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, wasu maƙeran suka zuba masa tutiya, suka shafe ta da launin tagulla, kowa ya samu abin ɗorawa a falo.

Da na dawo gida, uwargida ta dubi butar sheƙeƙe. "Maigida, wannan mai kan aljanun a ina za ta kwana?" Na ce ta yi a hankali, kayan fada ne.

Ranar da surukina ya zo, na cika ta da ruwa don ya wanke hannu cikin sarauta. Ruwan ya bi ta gindi ya jiƙe masa babbar riga. Ashe gunduwa-gunduwa aka haɗa ta da dogon ƙarfe da noti, don kallo kawai. Washegari, don in huce, na dirje ta da toka da lemun tsami ta yi ƙyalli. Launin ya bi ruwa, ta fito fara fat.

Maƙerin unguwarmu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa. "Alhaji, tutiya ce. In sayarwa za ka yi, a kilo nake saya."

In kun je Paris an ce muku Rinesans, ku kifa abin ku ɗan karce gindinsa. Tagulla rawaya take fitowa.