Jinjina Ga Maigida Mai Dogon Zango

Ranka ya daɗe, maigida, toron giwa mai ƙafar yawo, gagarabadau da ba ya shekara a gari guda, inuwar giginya na nesa ka sha ka! Daga Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu har kambon leburorin Jazira, babu wanda ya riƙe gadon kakanni kamarka. Su sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka fuskanci Makka, suka yada zango a nan. Kai kuwa ka ga bai dace tafiyar ta tsaya ba. Kaka ta yi, sai Gadarif yankan riɗi. Riɗi ya ƙare, sai Wad Madani. Daga can sai arewa haƙar zinariya. Kuma don tsabar tausayi, duk inda ka sauka ba ka rasa wata baiwar Allah mai neman agaji, ka agaza mata da kuɗin dawar gidanka.

Masu shirya fim a Amurka sun san girman irinka tun fim bai fara magana ba. A 1920 Cecil B. DeMille ya fitar da Why Change Your Wife?, inda miji ya rabu da matarsa ya auri wata 'yar kanti, fim ɗin kuma ya gano mai laifi ba tare da ɓata lokaci ba: uwargida ce, ba ta iya kwalliya ba. Ta sake tufafi, miji ya dawo. A 1927 Murnau, Bajamushe, ya yi Sunrise: manomi ya saka matarsa a kwalekwale don ya nutsar da ita saboda wata 'yar birni, ya fasa, a ranar ta yafe masa har suka taka rawa tare. Janet Gaynor, wadda ta fito a matar, ta sami lambar Oscar. Sai da waɗannan mutane suka zubar da dukiya kafin su nuna wa duniya matar da ba a jin muryarta. Kai, sadauki, ko fam ɗaya ba ka kashe ba, ga taka shekara da shekaru ba a ji uffan daga bakinta ba.

Wane miji ne ya ilmantar da iyalinsa kamar yadda ka yi? Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 auduga ke neman hannu a Jazira, kai kuma ka ba da na uwargida kyauta. Ga ta nan da sassafe a gonar wani, goyo a baya, buhu ɗaure a ƙugu, busasshen ɓawon auduga yana tsattsage mata yatsu. Ruwan sha daga magudanar gona, mai sa wa yara tsargiya. Da la'asar ta soya gyaɗa, ta dama fura, ta ɗora wa yarinya talla. A haka ta ƙware a noma, a ciniki, a lissafin bashi, har da ɗaurin jinka kafin damina, duk albarkacin nisanka. Yarinyar ma ka hutar da ita wahalar makaranta.

Dole a yaba wa fadawanka. Gwaggo, uwar hikima, kullum da maganinta a baki: yi haƙuri, 'yata, namiji ba ɗan goyo ba ne. Malam kuma, gwanin ladabi, ya karanta mata babin biyayya tun daga farko har ƙarshe, ya rufe littafi daidai inda babin ciyarwa ya fara, don kada ya ba ka kunya.

Da dakarun RSF suka shiga Wad Madani a Disamban 2023, jama'a suka watsu, uwargida ta kwashi yara ta gudu da ƙafa. Ba ka manta da ita ba, namijin duniya. Ka bugo waya daga nesa, ka tambaya ko ta tuna ta taho da akuyar.

Saboda haka muna roƙon dattawan gari su taru su naɗa maigida Sarkin Zango a duk ranar da Allah ya dawo da shi. Kuɗin rawani kuwa kada a damu kowa, uwargida za ta biya.