Martabar Baƙo, daga Abuja zuwa Rido

Manyan otal-otal irin su Hilton na Abuja sun tsara wa baƙinsu darajoji hawa-hawa, Azurfa da Zinariya da Lu'ulu'u, gwargwadon dararen da mutum ya kwana a cikinsu, alhali ladan duka bai wuce karin kumallo da ɗaki mai ɗan yalwa ba, in an dace. Matafiyin sau ɗaya a shekara kuwa, kwanakinsa ba su kai nisabi ba, sai haƙuri. Amma direban tanka da ya daɗe yana jiran lodi a matatar man da aka buɗe gefen Rido a 1980, muƙaminsa wajen mai shayi ya zarce Lu'ulu'u: bashi ba rubutu, da bencin kwana, da kiran Alhaji tun bai ga Makka ba.