Yanzu Ba Mai Ba Da Gari

Da can, idan aka zauna a tsakar gida bayan sallar isha'i ana kacici-kacici, akwai dokar da babba da yaro suka sani: in ka kasa, sai ka ba da gari. Ka ce na ba ka Zariya, mai tambaya ya yatsina fuska ya ce bai so, ka ƙara masa da Kano, ya karɓa, ya gama fahariyar abin da zai ci a can, sannan ya faɗi amsa. An ci ka, ka biya, an wuce wurin. A dare guda yarinya 'yar shekara 9 sai ta mallaki Katsina da Sakkwato da Damagaram, ko kibiya ba ta harba ba.

Yau wasan ya bar hannun yara ya koma majalisar manya, ya sa rigar lissafi, an raɗa masa suna wasa ƙwaƙwalwa. Gari kuwa an daina bayarwa. Magidanci mai 'ya'ya bakwai ya gwammace shayinsa ya huce, a rufe kasuwa bai buɗe shago ba, da bakinsa ya furta "ban sani ba".

Ga tambayar da ta fi raba zumunci. Mutum uku sun haɗa naira dubu-dubu sun aiki yaro ya sayo tsire na 3,000. Mai tsire ya yi ragi, ya karɓi 2,500, ya mayar da 500. Yaro ya soke 200 a aljihu, ya ba kowa 100. Ke nan kowa ya biya 900, sau uku 2,700, a haɗa da 200 na yaro, 2,900. To ina naira ɗarin ta shiga?

Amsar ba ta kai tsawon gaisuwa ba. Kuɗin da yaro ya soke suna cikin 2,700 ɗin tun farko, wato 2,500 na mai tsire da 200 nasa. Abin da za a ƙara shi ne 300 da aka mayar, sai 3,000 ta cika cif. Amma wa zai saurara? Kafin a kai nan majalisa ta bar lissafi ta koma shari'a. Alhaji ya ce shi tun farko bai yarda da yaron ba, wanda ya iya soke 200 ai ɗari ba za ta gagare shi ba. Wani ya ce a binciki mai tsire, don a wannan zamani ba mai yin ragi haka kawai. Na ƙarshen benci, wanda bai ce uffan ba tun ɗazu, ya gyara zama ya tambaya da gaske, "Wai yaron ɗan gidan wane ne?"

Sai kuma annobar da ta zagaye duniya a 2019, ta shigo mana ta wayar samari: 8÷2(2+2). Masu bin raba da sau daga hagu zuwa dama suna samun 16. Masu ɗaukar 2 da ke manne da baka a matsayin abu guda suna samun 1. Na'urorin lissafi ma kansu bai haɗu ba, wata ta ce 16, wata ta ce 1. Masana lissafi da yawa sun ce rubutun ne ke da harshen damo, a ƙara baka ɗaya kowa ya huta. Wannan maslaha ba ta karɓu a wajen tsohon hedimasta ba. Shi ya yi shekara talatin yana koyar da BODMAS da bulala, kuma ba sa'an jikansa ne zai zo yau ya nuna masa waya ba. "Kai yaro, lokacin da nake wannan lissafi, ubanka ma bai shiga aji ɗaya ba." Da wannan hujja aka ci nasara, don babu na'urar da ke da maɓallin amsa ta.

Ta raƙuma 17 ma ba ta tsira ba. Uba ya rasu, ya ce babban ɗa ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami ɗaya bisa tara. Mai hikima ya ara musu raƙuminsa suka zama 18, aka ba su 9 da 6 da 2, ya ja nasa ya tafi. Sirrin shi ne kason uku ba su cika ɗaya ba, 17 ne bisa 18, ragowar ita ce raƙumin aro. Daɗin labarin ke nan, in da za a bari a ji shi. Ina! Malam ya riga ya ɗaga yatsa: ba a yi wa magaji wasiyya, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma 'ya'ya maza daidai suke a rabo. Gaskiya ya faɗa, sai dai marigayin bai taɓa rayuwa ba balle a kai magadansa gaban alƙali. Haka za a tashi ana jan Allah ya isa ga mutumin da babu shi.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai Sudoku, don shi bai nemi kowa da faɗa ba. Wasan nan wani Ba'amurke, Howard Garns, ya fara fitar da shi a 1979, Japanawa suka ba shi sunan da ya bi shi, jaridar The Times ta Landan ta watsa shi a 2004. Gida 81 ne, a cika su da 1 zuwa 9 ba maimaici. Amma gwaggo ta leƙo ta ga ɗanta ya duƙufa a kan gidaje tara-tara yana zuba alƙaluma yana gogewa, bakinsa na motsi. Ba ta ce komai ba sai washegari, ta ja shi gefe: "Ɗan nan, tunda ka fara hatimi, ka yi wa ƙanwarka na farin jini mana."

A yi wa gwaggo adalci, ba ta yi nisa da tarihi ba. Muhammadu ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara irin waɗannan gidaje, ta yadda duk layin da ka bi jimla ɗaya za ka samu. Mafi ƙanƙanta mai gida tara ne, ko ta ina ka haɗa 15. Ka ambaci wannan a majalisa ka ga yadda kafaɗu ke tashi: "Ai mu muka koya wa Bature lissafi!" Haka aka yi da Wellington Jighere ya ciwo wa Najeriya kambun Scrabble na duniya a birnin Perth a 2015. Mutumin da har yau ɗansa ke rubuta masa saƙon waya, shi ma cewa ya yi, "Mun ci."

Duk wannan baiwa akwai inda take ƙarewa. Mai shayi, wanda ya sha surutun raƙuma da tsire tun safe bai tanka ba, sai ya goge hannu ya jawo littafinsa mai naɗaɗɗen bango. "Ranka ya daɗe Alhaji, ni ma ga tawa. Kofi 3 a rana, kowanne naira 200, yau kwana 14. Nawa ke nan?"

Nan take hedimasta ya tuna ya bar tabarau a gida. Mai waya ya ce caji ya ƙare. Malam ya ɗaga kai yana duban rana, ya ce kamar azahar ta gabato, alhali sha ɗaya ba ta yi ba. Alhaji ya karɓi littafin, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya daɗe yana nazari, sannan ya miƙa wa mai shi.

"Malam, rubutun nan naka harshen damo gare shi. Ka ƙara baka ɗaya, gobe ma duba."