Yadda Ake Wasa Aska Ba Tare Da Haɓa Ta Kai Ƙara Ba

Duk wanda ya raba dare yana wasa aska, gari ya waye ta bar masa fuska tana raɗaɗi, ba sai an koya masa jiƙa dutse ba. Mai wannan shafi ɗan ƙungiya ne, saboda haka ga shawarwari ga 'yan'uwa a cikin wahala.

Na ɗaya: mutum ya daure ya zauna kan dutse mai lamba 1000 har bakin askar ya haɗu tun daga gindi zuwa tsini. Bayanta da bakinta duk su kwanta a kan dutsen, kaifi a gaba, hannu ba nauyi. Mai gaggawar haurawa 4000 da 8000 zai tashi da aska mai walƙiya wadda ko gashin dantse ba ta ɗauka.

Na biyu: a nemi dutsen gamawa. A nan zumunci ke lalacewa. Masu kotikul, rawayan dutsen da ake haƙowa a yankin Arden na Beljiyam, sun rantse ƙwayoyin ganet da ke cikinsa ne kaɗai ke ba da kaifi mai laushi. Masu dutsen Turingiya na Jamus su ce wasan yara ne. Masu na tsaunukan Kyoto a Japan kuwa ko amsa ba sa bayarwa, murmushi kawai. Bawan Allah ya saye ukun, uwargida ta leƙo ta tambaya ko harsashin gini za a sa. Ana cikin haka wani gwani ya ce ai duwatsun ma sun yi kwari a tsakiya, sai an sayo farantin lu'ulu'u an baje su. Wato dutse na wasa aska, wani abu na wasa dutse, aljihu kuma kowa na wasa shi.

Na uku, ko na huɗu ne? Gwajin gashi. Wai a riƙe sili ɗaya a sauke shi kan kaifi, in ya tsinke da kansa an ci nasara. Mai ƙwalkwabo ina zai samo dogon sili? Sai ya bi matajin matarsa yana tsinta. Magidanci riƙe da aska, yana tara gashin iyalinsa a takarda, surukai suka gani, wane bayani ne zai fitar da shi?

Abin takaicin ma, gwajin kaifi yake nunawa, ba ruwansa da daɗin aski. Man lu'ulu'u mai maikiron 0.25 yakan sa aska ta ci jarrabawar, sannan ta kankare fatar mutum. Koren garin kuromiyam mai 0.5 ya fi tausayi.

Sai fatar goga aska: bayan askar ke yin gaba, kuma a kan bayan ake juyawa. Wanda ya riga ya yanka fatarsa gida biyu, a yi masa jaje a wuce.

Amma tsakani da Allah, wannan wace irin rayuwa ce? Wanzami ya zo ranar suna, ya zaro aska daga zabira, ya ja ta kan wani guntun dutse da ya sha jiki, ya shafa a tafin hannu, ya aske kan jariri ɗan kwana bakwai ba ko ƙwarzane. Mai wannan shafi, da askarsa 'yar Solingen ta Jamus, ya matsa ya tambaye shi lambar dutsen. Wanzamin ya ce dutse ne dai, na babansa. Da ya ji kuɗin da aka kashe kan na Japan, sai ya yi salati, ya nuna tabarma ya ce a zauna ya gyara ɓarnar.